Shekarar da Mande Mahauci Ya Karɓi Usur

Ranar nan da la'asar ina zaune bakin fili ina ɗinke raga, sai ga samari uku sun zo sun tsuguna kusa da ni, waya a hannu, suna ta dariya. Suka nuna mini wani wasa na Amurka, wanda ake rungumar ƙwallo mai siffar gwanda a sheƙa da ita, ƙatti su bi mutum su danne. Ba wasan ne ya ba su dariya ba. 'Yan kallo ne suka cika fili suna ɗaga kwalaye, wai a kori kocinsu, don tsarin da yake kai hari da shi ba ya kai su ko'ina. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Koci Nomau, ai aikin nan naku ba wuya. Mutum ya tsaya bakin layi ya harɗe hannu. In an ci ya yi tsalle, in an sha kashi ya ce alƙali ne."

Na ce ya riƙe mini bakin ragar tukuna. Ban san dokar wasan Amurka ba, ban kuma san me kocin ya yi musu ba. Amma fuskar nan tasa da na gani cikin waya, na san ta. Na yi wata uku cur ina yawo da irinta a garin nan na Gummi. Tun da kun ce ba wuya, ku gyara zama.

Aikin farko da Baba Saje ya ba ni shi ne zana fili. Baba Saje tsohon soja ne, shi ya kafa ƙungiyarmu, Taurarin Gulbi, shi ne kuma kocinta na farko. Ni ɗan baya ne a lokacin, har gwiwata ta hagu ta ce ta gaji. Da na je na ce ina son in koyi aikin koci, sai ya miƙo mini buhu ya ce in je gidan burodi in roƙo toka. A tankaɗe tokar, a zuba cikin gwangwani mai huji a gindi, a kafa turaku, a ja igiya, mutum ya bi igiyar a duƙe yana kaɗa gwangwani. Na yi wuni guda ina yi. Da ya zo ya tsaya a kusurwa, ya rufe ido ɗaya kamar mai saita bindiga, ya ce, "Share." Na ce, "Baba, ai kaɗan ya karkace." Ya ce, "Wanga kaɗan ɗin, ranar wasa mutum ɗari biyu za su yi rantsuwa a kai." Na ɗauko tsintsiya. Sai da na shekara ina zana fili kafin ya bar ni na taɓa usur.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Ƙwallo uku gare mu, biyu duk faci, ta ukun ba a fito da ita sai ranar wasa. Famfon keke muke ba su iska da shi, allurar kuma a cikin hular Baba Saje take kwana, don in ta ɓata atisaye ya tashi. Kafin a fara sai an bi fili an tsince ƙaya da tsaidau. Gwangwanayen madara cike da yashi su ne alamomin da 'yan wasa ke kewayawa. Sai wani tsohon faranti da murafan kwalbar lemo, ja goma sha ɗaya, kore goma sha ɗaya, da su yake nuna wa kowa wurin tsayuwarsa. Usur ɗin na ƙarfe ne, ranar Juma'a yake tsoma shi cikin ruwan zafi don ƙwayar ciki ta saki. Busa shi ma karatu ne. Akwai busar tsayawa, akwai ta taruwa, akwai wata gajera mai kaifi wadda duk wanda aka yi dominsa ya san da shi ake, ko bai waiwaya ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne sanin mutum. Ka san wanda ya zo daga gona bai ci komai ba, da wanda ya yi faɗa da tsohonsa da safe, da wanda in ka yi masa tsawa gaban jama'a ka rasa shi sati guda. Ka je zaure ka durƙusa ka roƙi uba ya ba ka aron ɗansa, da damina kuwa, lokacin da kowane hannu ake nema a gona.

Ranar da na samo Buba Dogo, hanyar ruga na bi zan je gaisuwar wani abokina. Sai na ga maraƙi ya tsinke ya yanki daji, wani dogon saurayi ya bi shi ba takalmi. Kafin in ƙirga ashirin ya cim masa ya kama wutsiya. Na ajiye keke na bi shi har gida. Sau uku ina zuwa wurin mahaifinsa. A zuwa na uku tsohon ya ce, "Malam, ni ban san amfanin bin fata mai iska ba, ga mai nama tana kiwo. Amma in shanu sun dawo, ka ɗauke shi." Haka muka yi. Shi ya sa duk tsawon zaman Dogo a ƙungiya ba mu taɓa fara atisaye kan lokaci ba.

Kowace sana'a da masu sayenta. Mu namu 'yan kallo ne. Ba sa sayen komai, amma a ganinsu kai da 'yan wasan duk mallakarsu ne. Babbansu a lokacin shi ne Mande mahauci, mutum ne ƙaƙƙarfa mai ƙaton ciki, muryarsa kuwa in ya yi magana a fili ana ji a tasha. Akwai wata tsohuwar tayar tirakta a bayan bencinmu, a kanta yake tsayawa, ba mai hawa ko ba ya nan. Ranar wasa da wuri yake rufe tukuba. Sai Inna Hajo mai fura, wadda ke ajiye ƙwaryarta gindin darbejiya. Ita ba ta ihu, amma in ta faɗi magana ɗaya, kafin magariba ta zaga gari.

Da tsufa ya kama Baba Saje sai ya miƙa mini usur da faranti. Shekara biyu na bi sawunsa, ba yabo ba fallasa. A ta uku aka tura ni kwas na sati biyu a Gusau. Can na ga abin da ya juya mini kai. Aka nuna mana yadda manyan ƙungiyoyi ke wasa: ƙwallo a ƙasa, ba ni in ba ka, tun daga mai tsaron gida, a hankali har a gajiyar da abokin hamayya a shiga gidansa. Na cika littafi da kibiyoyi. Na dawo na tara 'yan wasa na ce daga yau an hana buga ƙwallo sama. Duk wanda ya ɗaga ta, zagaye biyar. A kan faranti abin gwanin kyau. Murfin lemo ba ya gajiya, ba ya tsoro, inda ka tura shi nan yake zuwa.

Wasan farko muka tashi ba ci. Na biyu ma haka. A na uku aka ci mu ɗaya. Yarana za su ɗauko ƙwallo tiryan-tiryan har kusa da gidan abokan hamayya, da sun ga an tare gaba sai su juya su mayar da ita baya a sake lale, kamar yadda na koya musu. A wasa na ukun ne Mande ya yi wa tsarin suna. Ya hau taya ya ce, "Koci, mi a wanga? Gaisuwar surukai muka zo kallo? Su tai bakin ƙofa, su durƙusa, su sadda kai, su komo da baya?" Fili ya kwashe da dariya, har alƙalin wasa sai da ya juya baya. Daga ranar ba wanda ya sake cewa tsarin Koci, sai gaisuwar surukai.

Wanda abin ya fi shafa Dogo ne. Yana can gaba shi kaɗai, hannu a ƙugu, ƙwallo ba ta zuwa. Wata rana ana tsakiyar wasa na hango shi bakin layi yana shan rake. Na yi masa gajerar busa, ya ɗaga mini raken alamar ya ji. Bayan an tashi Inna Hajo ta ce masa, "Ɗan nan, gobe ka zo da sandarka da shanu biyu, ka yi kiwo can gaba. Ciyawar ba mai taka ta."

Gari ya ɗauka. In na je aski, wanzami sai ya tsaya da aska a wuyana ya tambaye ni dalilin da ba a ba Dogo ƙwallo. In na fito masallaci ana tsayar da ni tun ban sa takalmi ba. Wani mai jakin ɗiban ruwa, jakinsa na da halin ja da baya in an ɗora masa kaya, ya sa masa suna Koci. Har Innata, wadda ba ta taɓa taka fili ba, ta ce mini ina cin tuwo, "Nomau, an ce ɗiyanka kunyar raga suka ji. In kunya ta, ka bari su saba da ita mana." Ni kuwa amsata ɗaya ce ga kowa: a yi haƙuri, tsari ne, yana son lokaci.

Abin dariya ne har ranar da na zo atisaye na ƙirga mutum goma sha uku maimakon goma sha shida. Uku sun tafi haƙar zinari wajen Bagega. Lokacin kuwa ba a daɗe da ganin abin da gubar dalma ta yi wa ƙananan yara a ƙauyukan can ba, kowa ya san ramin nan ba wurin wasa ba ne. Ɗayansu ya bar mini saƙo wurin abokinsa, wai gara ya haƙa rami, ko ba komai shi gaba yake yi. Muna cikin gasar garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum, saura wasa uku a rukuninmu. In ba mu fita rukuni ba, wasanmu ya ƙare tun farkon kaka, ga rani mai tsawo a gaba, ba abin da zai riƙe sauran samarin a gari. Iyayen da na durƙusa wa a zaure, ni za su tambaya.

Kwamitin ƙungiya ya kira taro ƙarƙashin darbejiya. Mande ba ɗan kwamiti ba ne, amma ya zo, ya kuma fi kowa magana. Da ya ishi Ciyaman, wani dattijo mai sayar da taki, sai ya ce, "To Mande, tun da ka iya, a ba ka mana." Da gatse ya faɗa. Mande ya ce, "A ba ni." Kowa ya dube ni. Na cire usur daga wuya na miƙa masa. Na miƙa masa faranti ma, ya ce in riƙe abina, shi ba talla zai yi ba.

Atisayen Mande na farko ban manta shi ba, don daga nesa na tsaya na kalla. Ya zo cikin rigar wasanni wadda ta tsaya masa a saman cibiya. Ya busa usur har sai da awaki suka watse. Ya tara yara ya ce, "Karatuna guda na. Duk wanda ƙwallo taz zo mai, ko gola na, ya ɗaga kai ya nemi Dogo, ya buga mai sama. Dogo, kai kau ka ruga. Akwai tambaya?" Ba tambaya. Suka yi ta bugawa sama har rana ta faɗi, ya raba musu tsire, kowa ya tafi yana yabonsa.

Ranar wasa da Bukkuyum a filinmu, na shiga cikin 'yan kallo na zauna, na shirya ganin ikon Allah. Na kuwa gani. Ba a yi minti goma ba wani ɗan baya ya ɗaga ƙwallo sama, Dogo ya bi ta kamar maraƙin nan, ya bar 'yan bayan Bukkuyum suna kallon ƙeyarsa, ya zura. Bayan hutun rabin lokaci ya ƙara. Biyu da nema. Aka ɗauki Mande a kafaɗa, sai da mutum shida suka taru kafin ya ɗagu. Ni kuwa na turo kekena, duk wanda na gamu da shi sai ya ce, "Koci, sannu da hutawa."

Amma akwai abin da na gani ranar. Da cunkoso ya yi yawa na rasa wurin hange, sai na hau tayar Mande, tun da mai ita yana benci. Daga can sama fili ya fito mini gaba ɗaya. Rabin da ke wajen makaranta ƙasa ce mai tauri, ƙwallo na gudu a kanta. Rabin da ke wajen gulbi kuwa yashi ne, in an buga ta ƙasa-ƙasa sai ta yi taku uku ta kwanta. Da aka watse na tsaya shan fura, na faɗa wa Inna Hajo. Ta dube ni ta ce, "Yau ka sani? Ni da ka ratsa filin ga da ƙwarya bisa kai kullum, in na kai wajen gulbi sai na tattare zane, ƙafa nutsewa takai. Kai kuma ka ce ƙwallo ta yi tafiya ciki." Shekara nawa ina zana filin nan a duƙe, na san kowane taku nasa, littafin Gusau ya sa na manta.

Washegari na je gaida Baba Saje. Yana kwance kan tabarma a zaure, labari duk ya riga ni isa. Na fara yi masa bayanin tsarin, ina zana masa da yatsa a ƙasa. Ya bari na gama, ya ce, "Murafan lemon nan naka, ƙwallo nawa sunka ci bana?" Ya juya ya gyara matashi.

Wasa na gaba a Anka ne. Muka cika mota biyu, ɗaya 'yan wasa, ɗaya magoya baya da ganga. Ni a ta biyun na samu wuri, kusa da mai ganga. Kocin Anka ba yaro ba ne, ya aiko an kallar masa wasanmu da Bukkuyum. Ya sa mutum biyu a kan Dogo, ɗaya gaba ɗaya baya, ko fitsari zai je suna tare. Filinsu kuma gajere ne mai tauri, duk ƙwallon da aka ɗaga sai ta yi tsalle ta faɗa hannun gola ko ta fita waje. Kafin hutu an zura mana biyu. Na matsa kusa in ji abin da Mande zai ce wa yara. Ya tsaya gabansu yana share gumi, can ya ce, "Ku ƙara bugawa da ƙarfi." Wani ya ce ruwa fa? Ashe jarkar tana can Gummi, ba wanda ya tuna, don ni ne mai tunawa. Da aka koma ya tashi yin canji, ya kira lambar da ba ita ba, ya fitar da ɗan tsakiyar da shi kaɗai ke taɓuka wani abu. Aka ƙara mana biyu.

Mutanen da suka ɗauke shi a kafaɗa sati guda baya, su ne suka fara. "Mande, koma fawa." "Mande, ko ƙwallon ma kilo kaka auna ta?" Ya waiwayo zai rama, sai ya ga ba taya, shi ne a ƙasa, su ne a sama. A hanyar dawowa ba a kaɗa ganga ba, mai ita ya kifa ta ya zauna a kai.

Kwana uku Mande ya yi yana shan abin da na sha wata uku. Duk wanda ya zo tukubarsa sai ya koya masa ƙwallo kafin ya sayi nama. Wani tsoho ya ce a yanka masa hanta, da aka miƙo sai ya ja da baya ya ce, "A'a, buga mini sama, in ruga in cafe." A rana ta huɗu da hantsi na ji sallama a ƙofar gida, da wata murya kamar ta ɗan akuya mai mura. Na fito na tarar da Mande, ya miƙo mini wani abu ƙunshe cikin takardar tsire. Na buɗe, usur ne, duk ya yi maiƙo.

Ya ce, "Malam Nomau, amshi abinka. Ban san da akwai kashi na biyu ga karatun ba."

Na ce, "Ai ka ci wasa guda. Ni ban ci ko ɗaya ba."

Ya ce, "Wanga fa gaskiya ta." Ya ƙara da cewa, "Amma kai ba a yi ma huɗu ba."

Na ce ba zan karɓa ba sai da sharaɗi. Wasan ƙarshe tare za mu zauna a benci, in za a yi jifa a jefe mu tare. Kuma yaran nan uku da suka tafi rami, ni na kore su da tsarina, bakina ba zai dawo da su ba, sai nasa. Sai ya tashi babur. Kwana biyu ya yi a can. Ya dawo da biyu a bayansa, sun yi baƙi sun rame. Ban san me ya faɗa musu ba, su ma ba su taɓa gaya mini ba. Na ukun ya ce ya riga ya shiga rami da abokan aiki, ba zai fita ba. Bai sake buga mana ba.

Satin nan na raba fili biyu da gwangwanaye, daidai inda tauri ya ƙare yashi ya fara. Na ce wa yara a kan tauri a yi ba ni in ba ka, har 'yan bayansu su ji haushi su taso. Da sun taso, ko ƙwallo ta kusa yashi, a ɗaga wa Dogo. Wani ya ce, "Koci, zagaye biyar ɗin fa?" Na ce an yafe. Mande ya ce shi ma ya yafe wa duk wanda ya ba na kusa da shi. Jarkar ruwa kuwa shi ya ɗauki nauyinta, ya ɗaura ta a babur tun ana saura kwana biyu.

Ƙungiyar Nasarawa Burkullu ce ta zo mana, manoma ne ƙarfafa, ba sa gajiya. Dole mu ci, kunnen doki ba ya fitar da mu. Kashin farko muka yi ta ba ni in ba ka, 'yan kallo suka fara guna-guni, wani ya ce ga surukai sun dawo. Mande na gefena, ya cire hula ya cusa a baki yana tauna. Duk lokacin da aka mayar da ƙwallo baya sai in ji benci ya motsa. Aka tafi hutu ba ci. Aka dawo, lokaci na ta tafiya, alƙali ya fara duba agogo. Sai yarana suka yi fasin huɗu a jere, ba ni in ba ka, a tsakiyar fili, 'yan bayan Nasarawa suka ƙosa suka taso su ƙwace. Ɗaya daga cikin yaran da Mande ya ɗauko daga rami ya ɗaga kai ya buga ta sama.

Dogo ya bi ta. Golansu ya fito. Dogo ya kai ƙafa zai buga, yashi ya kwashe shi ya juya ya ba raga baya. Gola ya doka ƙwallo da iyakar ƙarfinsa don ya fitar, ta bugi ƙeyar Dogo, ta tashi sama, ta sauko a hankali ta shiga raga. Dogo na kwance yana dafe da kai, sai da aka danne shi da murna ya san an ci.

Ba a gama tashi ba muka fara gardama ni da Mande. Na ce fasin huɗun nan ne suka jawo su. Ya ce ba don an ɗaga sama ba da har yanzu muna gaisuwa. Muka kira Dogo ya raba mu. Ya ce, "Wallahi ni ban ga ƙwallon ba. Na dai ji kamar saniya ta harbe ni." Inna Hajo ta ce to a ba ƙeya kofi.

Kofi dai ba mu ɗauka ba, a wasan kusa da na ƙarshe aka fitar da mu. Amma mun yi ta wasa har aka fara sharar gona, samarin nan kuma ba wanda ya ƙara tafiya. Wasu cikinsu su ne iyayenku ko ƙannen iyayenku, ku je ku tambaye su.

Mande bai sake zama benci ba. Ya ce benci na sa hawan jini. Wasan farko na shekarar da ta biyo baya ya koma kan tayarsa. Ba a daɗe da farawa ba wani ɗan bayanmu ya mayar wa gola ƙwallo, sai wani baƙon saurayi daga cikin jama'a ya ɗaga murya ya ce kocin nan bai san aikinsa ba, a kore shi. Mande ya juyo daga kan taya ya dube shi sama da ƙasa.

Ya ce, "Kai yaro, ka taɓa riƙa usur?"

Saurayin ya ce a'a.

Ya ce, "To zamna. Ba kowa ka zagin Koci ba, sai wanda ya san wurin da a ka zagi."

Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya juyo wajena ya ce, "Koci, don Allah mi a wanga kuma?"